Rumbunan da Mukhtaru Ya Zana wa Inna

Matso nan cikin inuwa ka zauna, shayin ma bai huce ba. Labarin Mukhtaru mai fenti zan ba ka, wanda mutanen unguwar Nakkasa ta Makka suke kira Abu Shaima, wato baban Shaima. In ka taɓa hawa tudun nan kafin a rushe ɓangarensu, ka wuce ta ƙofar gidansa ko ba ka sani ba. Ƙofa ce ta ƙarfe wadda ba a yin kwatance da launinta, domin duk ragowar fentin da ya dawo da shi daga wurin aiki a jikinta yake ƙarewa. Wannan wata shuɗiya, wata mai zuwa ruwan ƙasa.

A Makka aka haife shi, kuma iyakar tafiyarsa a duniya Madina ce da Ɗa'ifa. Mahaifinsa, Alhaji Nuru, ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato da ake kira Tungar Marke, shi da matarsa Zubaidatu, suka bi ta Chadi da Sudan, suka tsallaka teku. Niyyarsu su sauke farali su koma kafin shuka. Suka ce sai baɗi. Baɗi ta zo, ga ciki. Alhaji Nuru ya kafa tukubar tsire, ya yi ta gashi har Allah ya karɓi abinsa, bai sake ganin damina ba.

Mukhtaru a hannun wani mutumin Yaman ya koyi sana'a. Shekara kusan arba'in yana shafe ɗakunan otal-otal na unguwar Jarwal, fari da ruwan madara, ruwan madara da fari, kafin azumi da kuma kafin hajji. Mutum ne marar yawan magana. Hausarsa ta cikin gida ce, wadda ya tsotsa a bakin uwa, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci. Amma ka tambaye shi ko shi wane ne, zai ce maka Basakkwace ne, ɗan Tungar Marke, har ya kwatanta maka hanyar fadama kamar jiya ya baro ta.

Duk a wurin Inna Zubaidatu ya ji. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda ɗan fari ne. "Kai wanga" take ce masa, tun yana rarrafe har ya yi furfura. Tana tsintar shinkafa tana ba shi labarin rumbuna shida da ke bayan gidan babanta, da marken da ake sussuka a gindinsa, da rijiyar da sai an haɗa igiya biyu. Sau ɗaya tak ta roƙe shi abu da bakinta, shekara ashirin da suka wuce, lokacin tana da ƙarfinta: ya kai ta gida ta ga 'yan'uwa ta dawo. Ya ce to, bari lokacin aiki ya wuce. Lokacin aiki ya wuce, sai maganar takardunta, don fasfon da ta zo da shi tuni ya zama tarihi, iƙama, wato takardar izinin zama, kawai take riƙe da ita. Aka fara bin takardu, aka bari, aka sake farawa. Ba ta ƙara tambaya ba. Shi ma ya ɗauka abin ya fita a ranta.

Ashe yana nan. Da tsufa ya fara taɓa mata tunani, abin da ya fara tasowa ke nan. Sai ta ɗaure zannuwanta a ƙunshi, ta lallaɓa ta sauka matakalan Nakkasa da sandarta. Sau biyu ana samo ta a tashar Kudai, tsakanin manyan motocin alhazai, tana tambayar direbobi wace ce ta Sakkwato. Likita ya duba zuciyarta ya ce ko hawan jirgi kada a yi mafarkinsa. Dole Mukhtaru ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofa. Matarsa Maryama ta ba ni labari cewa da hantsi Inna za ta tsaya jikin ƙofar tana bugu da tafin hannu, ba da ƙarfi ba, a hankali, kamar baƙuwa mai neman izini, har sai hannun ya gaji. In Mukhtaru yana gida sai ya shige banɗaki ya buɗe famfo.

Ana cikin haka aka ba shi aikin wani tsohon otal a Jarwal da ya sauya mai shi. An ciro hotunan da ke rataye a ɗakuna an tara su a lungu za a zubar: furanni, jiragen ruwa, duwatsu masu ƙanƙara. Yana ɗaga su don ya samu wurin kafa tsani, sai ya ci karo da ɗaya ya tsaya. Fili ne kore shar, ga tudu a baya, ga hanya ta ratsa, ga shinge na itace. A tsakiya kuma wasu abubuwa ne masu faɗin gindi da tsinin kai, launin busasshiyar ciyawa, kowanne da sanda a ƙoƙuwarsa. Ya ƙirga. Shida. Ya ce a ransa, rumbuna. Ga shanu biyu da amalanke, ga wata mace da ɗankwali ta duƙa. Bai yi shakka ba ko kaɗan cewa ƙasar Hausa ce, don duk abin da Inna take faɗa ga shi nan. Ya naɗe hoton a rigar aikinsa ya kawo gida.

Inna ta riƙe shi kusa da fuska, ta nisanta shi, ta ce ita dai kore take gani. Idon ya riga ya yi rauni. Shi ne Mukhtaru ya dubi katangar tsakar gidansu, doguwa, mai fuskantar gabas, ya kankare ta, ya shafe ta da fari. Bai taɓa zana ko ganye ba a rayuwarsa. Da fentin bango ya yi, yana gauraya launi a murfin gwangwani, babban buroshi na sama da ƙasa, tsohon buroshin haƙori na ciyawa. Mako uku yana yi, bayan asuba kafin ya fita da kuma ranakun Juma'a. Komai ya kwafa, ban da shanun da matar. Tun yana yaro mahaifinsa ya gaya masa ba a zana mai rai a gidan Musulmi, kuma bai ga dalilin da zai sa ya saɓa ba don tsohon ya kwanta dama.

Ranar da ya gama, Maryama ta shimfiɗa wa Inna darduma a gaban katangar. Ta daɗe tana kallo. Can sai ta ɗaga sandarta ta nuna.

"Kai wanga, wane sakarai ya aza rumbu bisa ƙasa? Gara ta canye hatsin."

Ya tambaye ta to a kan me ake ɗora shi. Ta dube shi kamar ya tambayi ko ruwa na jiƙa mutum, ta ce duwatsu mana. Nan take ya ɗauko gwangwani ya sa wa kowane rumbu ƙafafun dutse. Ta ce kuma jinka ba ta sauka har ƙasa, jikin rumbu laka ne, ciyawa hula ce kawai. Ya gyara. Sai ta sake dubawa, ta ce, "Mutane fa, ina sunka tahi?"

Abin da ya zo bakinsa ya faɗa, ya ce sun tafi gona.

"To," in ji ta. "Damana ta."

Daga ranar ba ta sake taɓa ƙofa ba. Da safe a fito da ita, ta zauna tana jan carbi tana yi wa katanga gyara. Wasu dogayen itatuwa sirara da ya kwafo daga hoton ta ce ba na garinsu ba ne, ya mayar da su giginya. Tudun ta ce ya cika tsawo, ya rage shi sau biyu. Koren ta ce ya yi yawa, ƙasarsu ja-ja ce, sai ka matsa fadama. Shingen itace ya koma dangar kara. Aka haƙa rijiya a kusurwar hagu, aka dasa marke, aka tumɓuke shi aka matsar da shi don ta ce in yana nan inuwarsa ba za ta kai masussuka ba. Jikarta Shaima, wadda ke aikin jinya kuma Larabci ya fi mata sauƙi, takan tsokane ta da cewa, ya Sitti, wato kaka, garin naku ko kanti babu? Inna ta ce da ita ta fara koyon faɗin "ƙwarya" tukuna kafin ta sa baki a zancen manya. Shekara biyu da rabi aka yi haka. Kwaɗon ma har ya ɓata ba wanda ya neme shi.

Hoton asali kuwa yana rataye a ɗakin baƙi, Mukhtaru yana nuna wa kowa. Wata ƙaramar salla sai ga Malam Abdulquddus ya zo gaisuwa. Mutumin Gusau ne, magidanci, yana karatun digiri na uku a fannin hadisi, kuma sahunsu ɗaya da Mukhtaru a masallacin unguwa. Ana shan gahawa Mukhtaru ya nuna masa hoton, ya ce ga ƙasarku nan, Malam. Malam ya tashi ya duba, dariya ta ƙwace masa. Ya ce ai wannan Turai ce, Abu Shaima, waɗannan tarin ciyawa ne da suke ajiye wa dabbobi saboda sanyi, ba a zuba ko zangarniya ɗaya a ciki. Shaima ta ɗauki hoton da wayarta ta bincika. Ba a yi minti biyu ba ta karanto musu: wani mai zane ne a ƙasar Romaniya, mazaunin ƙauye a gindin duwatsu, wanda ba ya zana komai sai gonaki da tuddan yankinsu, yana fita da kayan aikinsa ya zauna a fili ya zana abin da ke gabansa, bazara da kaka da lokacin ƙanƙara.

Mukhtaru ya ajiye ɗan kofin gahawarsa. Ya ce, "Shekara hamsin da bakwai ina ce wa mutane ni ɗan Tungar Marke ne. Ashe ko rumbu ban sani ba."

Malam ya ji kunya, ya shiga ba da haƙuri. Don a sauya zance ya nemi a kai shi ya gaida Inna. Yana shiga tsakar gida ya yi turus. Ya gaishe ta a tsugune, amma idonsa na kan katanga. Da suka fito ya kama hannun Mukhtaru ya ce masa wancan na ɗaki na Baturen ne, amma wannan na tsakar gida, wallahi in aka ce masa bayan gidan kakansa ne ba zai musa ba. Mukhtaru ya wuce ɗakin baƙi. Ya dai sauke hoton ya sa a bayan kabad, ya kuma roƙi mutanen gidan kada wanda ya gaya wa Inna. Daga baya ya sa Shaima ta nuna masa sauran zanen mutumin a waya, ya yi ta kallo, ya ce wannan ya iya sararin sama, kuma shi aƙalla abin da yake zanawa yana gabansa.

A shekara ta uku Inna ta fara ƙorafi cewa mutanen gona sun daɗe. Wata safiya ta kama gefen rigarsa ta ce ya kira mata innarta, ta san tana cikin gida, ita kaɗai ce ba ta zuwa gona. Ya kai maganar wurin Malam Abdulquddus. Malam ya ce abin da ya karanta shi ne a guji zana mai rai, kuma ba zai sauya masa don tausayi ba, amma hayaƙi ba shi da rai. Mukhtaru ya dawo ya zana hayaƙi siriri yana tashi daga bayan danga. Ya tambayi Inna wane irin zane mahaifiyarta take ɗaurawa, ta ce baƙin saƙi mai ratsin fari. Ya shanya shi a kan dangar. Inna ta matsa da gwiwa har jikin katanga, ta shafa zanen, ta ce a bar innar tata, tana tuwo, kada a dame ta.

Bayan hajjin wannan shekarar ne aikin sabunta unguwa ya iso layinsu. Ma'aikata suka zo da takardu, suka yi bayani, suka ba da wa'adi, suka fesa jan fenti na alamar rusau a bayan katangar, daidai inda rijiya take ta ciki. Mukhtaru ya kawo wani magini abokinsa ya duba ko za a iya yanke katangar a ɗauke. Mutumin ya ƙwanƙwasa ta da guduma ya ce tsohon bulo ne, ana taɓa shi zai zama gari. Sai Shaima ta ɗauki hotonta ta kowace kusurwa, suka kwashe kaya suka koma wani gidan haya a unguwar Kudai, hawa na uku.

Gida ne mai kyau, ba laifi, da na'urar sanyi da tayil. Tsakar gida ce babu. Bango mafi girma a falon taga ta raba shi biyu, mai gidan kuma ya ce kada a taɓa masa fenti. Mukhtaru ya sayo faffaɗan katako ya zauna da wayar Shaima ya kwafe komai, dutse bayan dutse, har hannunsa ya fi na da kyau. Ya jingina shi a ɗakin Inna. Ta duba sau ɗaya ta ce wannan hoto ne, ta juya fuska. Can a Nakkasa rana tana fitowa a kan katangar, iska tana kaɗawa, tantabaru suna sauka a kanta. Nan kuwa fitila ce da labule.

Kwana huɗu da tarewa ta ɗaure ƙunshinta. Aka koma bugun ƙofa, yanzu kuma har maƙwabta suna ji. Ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Abin da take faɗa ɗaya ne, a kai ta gida, an bar innarta ita kaɗai. Maryama ta ce a yi haƙuri za ta saba. Shaima ta ce kada a kuskura a mayar da ita, ba a san halin da wurin yake ciki ba. Mukhtaru ya yi kwana goma sha ɗaya yana jin wannan bugu. Ya tuna ya taɓa ce mata bari lokacin aiki ya wuce. Wani tsohon maƙwabci kuma ya ce masa shekaranjiya ya bi ta layin, gidansu yana tsaye. Ran sha biyu da safe ya goya ta ya sauka da ita, ya sa ta a mota.

Shekaranjiya ba yau ba ce. Motar rusau ta riga ta bi ta kan ɗakunan. Ya hango tun daga nesa, ya so ya juya, amma Inna ta gane hawan tudun, tana ta murna tana gyara lulluɓi, tana cewa ya yi sauri. Ya yi tunanin ko katangar ta tsira. Rabinta ya tsira. Rumbuna uku suna tsaye a fili, rana ta haske su, na huɗun ya tsage biyu. Marke ya tafi, rijiya ta tafi. Dangar da baƙin zanen suna nan, hayaƙin yana tashi, amma daga gefensa sai tarin bulo da ƙarafa har iyakar gani.

Inna ta sa ya sauke ta. Ta tsaya a kan sandarta tana dubawa dama da hagu.

"Wa ya ci garinmu?"

Daga nan ta fara kiran sunaye. Babanta, yayyenta, wata Hassi, wani Ɗanjumma, mutanen da Mukhtaru bai taɓa jin an ambata ba. Tana kira tana saurarawa ko za a amsa. Ya durƙusa a gabanta cikin ƙura, ya riƙe ƙafafunta.

"Inna, fenti ne. Ni na zana shi da hannuna. Katangar gidanmu ce ta Nakkasa. Garinku yana can lafiya, ba abin da ya same shi."

Ta sunkuyo ta dube shi, ba da fushi ba.

"Kai wanga, kai da ba ka taɓa zuwa garinmu ba, ƙaƙa za ka zana shi?"

Ya ɗauke ta ya mayar mota. A hanya ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe ƙunshinta a cinya. Da suka isa ta kwance shi da kanta, ta miƙa wa Maryama zannuwan ta ce a sa a akwati. Ba ta sake zuwa bakin ƙofa ba, ba ta sake cewa a kai ta ko'ina ba. In an gaishe ta sai ta ce a yi mata ta'aziyya. Malam Abdulquddus ya sa aka nemo wani ɗan Tungar Marke a waya don ya gaya mata gari na nan, yaron ya yi ta magana, ita kuwa ta ce ba ta san shi ba, ba ta san ubansa ba. Mako bakwai ta yi a haka. Wata ranar Talata bayan azahar ta cika.

An yi mata salla a Harami, sahu ba iyaka. Masu ta'aziyya suna ta cewa ta dace, mutane nawa ne suke roƙon Allah ya ba su irin wannan makwanci. Mukhtaru yana amsawa da amin, kuma ya yarda da hakan har zuciyarsa. Abin da ya tsaya masa daban ne: ta tafi tana ganin an hallaka kowa nata, kuma shi ya goya ta ya kai ta ta gani.

Yana nan yana aikinsa. Bara ma shi ya shafe mana ɗakuna, fari da ruwan madara. Ya rame, gwiwa ta fara ba shi wahala a kan tsani. Maryama ta ce har yanzu bai yarda an rufe ƙofar ɗakin Inna ba. Ba ya kawo zancen da kansa, amma in kun zauna cin abincin rana a kan gwangwanayen fenti, ya ga kai mai riƙe magana ne, zai ba ka labarin tun daga otal ɗin Jarwal, sannan ya yi maka tambayar da ya yi wa Malam, ya yi wa matarsa, ya yi mini. Ni dai na kasa ba shi amsa, shi ya sa na kawo maka ita. Da kai ne a safiyar nan ta goma sha biyu, uwarka tana bugun ƙofa da tafin hannu, za ka ɗauko mukullin mota, ko za ka bar ta ta ci gaba da bugu?